Kogin da Ya Daina Haihuwa

Gidan benen nan na bakin kogi da jemagu suka gada, na Mai Roba ne. Da fari inji ɗaya gare shi, mai tari kamar tsoho, yana narka robobi yana fitar da bokitai. Ga dogon buri, ga gajen haƙuri, su suka kai shi wurin boka.

Ɗakin ba taga. Ƙahoni da jan ƙyalle a bango, a tsakiya baho cike da ruwa, da kifi ɗaya fari fat, bakinsa kaɗai ke motsi.

"Ni fa ba zan ba da jini ba," in ji Mai Roba. "Ɗa ɗaya gare ni."

Boka ya yi murmushi. "Wa ya tambaye ka jini? Ruwan wankin injinka, ina kake zubarwa?"

"A rami, ana tacewa."

"Cike ramin, ka juya bututun cikin kogi. Ko ƙwaro ba zai mutu ba."

"Shi ke nan?"

"Masu rai ba su dame mu ba. Waɗanda ba su zo ba muke so."

Wawan har godiya ya yi.

Arziki ya ɓarke, injuna suka cika fili. Ruwan bututun garau yake, ba wari, kifi kuwa bai mutu ba. Sai yayansa masunci, wanda kan matsa cikin kifi don ya saki mai ƙwai, ya zo wurinsa.

"Ƙanena, namiji na matsa, ƙwai ya fito! Rabona da ganin 'ya'yan kifi tun bara. Masu binciken ruwa sun ce dattin robarka jiki ke ɗauka kamar sinadarin haihuwa na mata."

Mai Roba ya ce hassada ce. Gidansa kuwa kogin suke sha, kifinsa suke ci.

Ɗan ya yi aure. Matar ta yi ɓari, ta sake, daga nan shiru. Ranar da likita ya ce wa ɗan ba zai taɓa haihuwa ba, bakin ruwa aka tsinci takalmansa. Uwarsa ta zauce, tana goyon filo tana yi masa wasa.

Mai Roba ya toshe bututun da hannunsa, amma ina! Har yau nakan gan shi cikin ruwa iya gwiwa, yana tace kogi da rariya, ko zai kama ɗan kifi guda.

Kai mai neman kuɗin dare ɗaya, ka ji tsoron cinikin da aka ce ba wanda zai mutu. Je ka tambaye shi jikoki nawa gare shi.