Takunkumin Ɗan Guntu

Gab da magariba na fita ɗauko jikanyata daga gidan malamar da ke ƙara mata karatu. Na tafi da Ɗan Guntu, ƙaramin karen da marigayiya matata ta bari, domin yininsa na ƙarshe ke nan a gidanmu.

Bai taɓa cizon kowa ba. Sai ga shi a 'yan kwanakin nan, da zarar yarinyar ta shigo, sai ya yi kukan kura ya nufi dugaduganta. Likitan dabbobi ya duba haƙoransa da kunnuwansa, ya tattaɓa cikinsa, bai ga komai ba.

"Baba, kare ba ya canja hali haka kawai," in ji shi. "Ko ciwo, ko tsoro. Ka lura da inda yake kallo kafin ya kai cizo."

'Yata ba ta saurara ba. "Baba, kare ko jika? Gobe za a zo a tafi da shi."

Muka sa masa takunkumi. Ni na ɗaure igiyar da hannuna, ƙulli kan ƙulli, yadda nake ɗaure komai.

Da muka dawo, an ɗauke wuta. Matakalar benenmu ta yi duhu. Yarinyar na gaba, ina biye da sandata, karen na rawar jiki a hammatata.

Sai na ji wari. Kamar jiƙaƙƙiyar toka.

Ina jin takalminta. Ina jin sandata. A tsakaninmu kuma, wata tafiya, ta ƙafa ba takalmi, caɓ, caɓ.

Na tuna maganar likita. Na haska fuskar karen da wayata.

Ba ƙafarta yake kallo ba. Bayanta yake kallo, kamar taƙi guda, inda babu kowa.

"Kaka," ta ce cikin raɗa, "sakar min riga mana."

Hannuwana biyu a cike suke.

Ta ja baya, mataki ɗaya, ba da ƙafarta ba.

Na yar da sanda. Na kama igiyar takunkumin. Ƙullin ya ƙi. Yatsuna suka ƙi. Na sa sauran haƙorana.

Igiyar ta tsinke.

Ɗan Guntu ya yi tsalle, ya wuce dugaduganta, ya cafki iska. Iskar ta yage kamar tsohon zane. Wani abu ya yi ƙara, irin ta ƙofar da ta yi tsatsa.

Na sungumi yarinyar. Ban waiwaya ba.

Da safe muka sami karen a bakin ƙofa, gashin bakinsa ya babbake. 'Yata da kanta ta ɗauke shi, ta shafa masa mai, ba ta ƙara zancen tafiyarsa ba. Bai sake yi wa yarinyar gurnani ba.

Jiya da yamma na dawo daga kanti. Ɗan Guntu ya miƙe, gashin bayansa ya tashi.

Dugadugaina yake kallo. A'a, bayansu kaɗan.