Kofin Da Ya Cika Ya Batse

Da wata tsohuwar taswira a hannu Mohinur ta shigo ɗan ofishin shirya tafiye-tafiye da ke bayan babbar kasuwarmu ta Tashkent. Behruz, mai ofishin kuma direbansa, ya ɗago kai, sai biro ya suɓuce masa.

"Samarkand da Bukhara nake so, ni da babana, a watan Yuli."

"Yuli? Haba ƙanwata, a Yuli ko ƙadangaren Bukhara inuwa yake nema. Ki bari sai lokacin inabi mana."

"Babana ba zai jira inabi ba," ta ce, ta kawar da kai.

Bai tambaye ta dalili ba. Ya tsara musu fita da sanyin safiya, rana ta take a fake a sha kankana, da la'asar a sake fita. Shirin da ake gamawa a zama ɗaya sai da ya ci makonni, don kullum Behruz na da abin gyarawa. Mu da muka san shi mun gane ba taswira yake gyara ba.

"'Yar gidan Baba, na samo masauki mai bishiyar inabi a tsakar gida. Ya yi?"

"Jiya ma ka faɗa, Yaya Behruz."

"Na sani. Amsarki nake son sake ji."

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Baba Ergash, tsohon malamin tarihi, ya ɓata fuska. "Mai yawo da baƙi kullum yana hanya, yaushe zai riƙe gida?" Ita kuwa Gwaggo Sabohat dama tana da wani likitan haƙori a hannu da take so Mohinur ta aura, ta yi ta zuba masa kirari. Mohinur ta yi ta roƙo, har Baba ya ce yaron ya zo ya gan shi.

Behruz ya zo da gurasa mai zafi, ya zauna a ladabce. Mohinur na kicin. Baba ya ɗauki butar shayi, ya tsiyaya masa har kofi ya cika ya batse.

To, mu nan baƙon da ake so, ɗan kurɓi ake zuba masa a gindin kofi, don ya yi ta miƙowa hira ta yi tsawo. Wanda aka cika wa kuwa, an ce masa sha ka kama gabanka. Behruz ya shanye, harshe na ƙuna, zuciya ta fi harshen. Ya yi sallama ya fita, Mohinur ta biyo shi waje.

"Hasken idona, me ya faru? Ko shinkafar ba ka tsaya ci ba."

"Baba ya ba ni amsa. Motar na nan ranar da muka sa, alkawari ba ya tashi."

Ta tambayi Baba, ya ce shi bai ce uffan ba. Kuka ta yi sosai, a zatonta Behruz ne ya sauya ra'ayi. Gwaggo kuma ta samu abin faɗa.

Ranar tafiya Behruz ya zo kamar yadda ya ce, ba fara'a, ba raini. A Samarkand suka zauna shan shayi a inuwa. Baba ya ɗauki buta, ya cika wa 'yarsa kofi har ya malala kan tebur, ya cika nasa, bai ma lura ba. Behruz ya dubi Mohinur. Idonta ya kawo ruwa.

"Ganinsa ne ke tafiya," ta ce a hankali. "Ya hana in faɗa wa kowa. Shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙubbobin nan, so nake ya sake ganinsu tun da sauran gani."

Kunya ta rufe Behruz. Washegari da sassafe, kafin hasken rana ya yi ƙarfi, ya kama hannun tsohon ya kai shi gindin bangon wani tsohon gini mai ƙubba, ya ɗora masa tafi a kan shuɗin zanen da ke jikinsa.

"Baba, nan shuɗi ne mai duhu, sama kaɗan ruwan zinare. Ku ɗaga kai, ga ƙubbar can."

"Ina ganinta, ɗana, ina ganinta." Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Kai da ka iya riƙe hannun tsoho haka, me ya kore ka daga gidana?"

"Kofin da kuka cika mini, Baba."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye. "Ashsha! Ni in zan kori mutum, da baki nake kora. Tambayi Sabohat."

A Bukhara ya sa aka kawo buta. "Mohinur, riƙe mini hannu." Ta riƙe. Ya tsiyaya ɗan kurɓin da ko tsuntsu ba zai ƙosar ba, ya miƙa wa Behruz.

Lokacin inabi aka karya gurasar baiko kamar yadda al'adarmu take, aka ɗaura aure, unguwa ta ci shinkafa da naman rago tun da safe, Gwaggo ce ma kan gaba wajen rawa. Baba ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mu duka muka shafa.

Har yau in Behruz ya zo gaishe shi, Baba kan kira 'yarsa ta riƙe masa hannu kafin ya taɓa buta.