Takalmi Ɗaya a Zauren Malam Jibril

Wanne ya fi wa namiji nauyi, a ce yana da girman kai, ko a riƙa jin tausayinsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban ga ƙarshenta ba. Sunusi dai ya zaɓi na farko, kuma saura ƙiris ya rasa Lantana a kan haka.

A shekarar 1976 talabijin ɗaya ce a Kwanar Dangora, ta Alhaji Dikko mai gidan mai, ana taruwa kallonta a wata rumfa. Sunusi mai gyaran rediyo, baƙo daga Doguwa, shi ke tayar da injin wuta ya yi ta juya eriya har hoto ya tsaya. Duk Laraba da yamma ana nuna wani wasan Turawa na yaƙi a sararin samaniya. Ba mai jin Turancin sosai, amma kowa ya san mugun ciki, wani rabi mutum rabi inji da jama'a suka laƙaba wa Ɗan Kwano. A kashe shi yau, bayan 'yan makonni ya dawo da sabon jiki.

Ranar da ya dawo yana ƙyalli tun daga kai har ƙafa, rumfa ta kaure da sowa. A cikin sowar Sunusi ya ji an ja tsaki.

"Sun ɓata shi."

Ya waiwaya. Lantana ce, budurwar nan mai suyar kifi a gefen rumfa tare da gwaggonta Tani. Hayaƙi ya sa idonta ya yi ja.

"Wa aka ɓata?"

"Ɗan Kwano mana. Na da ya fi."

"Na da? Mai tiyo a wuya, ga ƙirji duk faci kamar tsohon bokiti?"

"Amma an bar masa ido ɗaya na mutum. In ya ƙifta, ka san akwai wani a ciki. Wannan kuwa sumul kamar sabuwar tasa. Me zan ji tsoro a jikin tasa?"

"Ai kyansa ke nan," in ji Sunusi. "Ba wanda zai ga inda aka haɗa."

"To Injiniya, Allah ya bar ka da tasarka."

Gardamar nan ba ta mutu ba. Duk Laraba sai sun tayar da ita. Ya ce tsohon yana jan ƙafa, ta ce mai jan ƙafa ai ya san nisan hanya. Ta riƙa ajiye masa kan kifi ragon ruwa a ganye, shi kuwa yana ce mata Gimbiyar Kasko, daga baya ya koma Lanti. Dukansu a gajiye suke. Ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyen su Lantana, suka dawo nan da abin da kai zai iya ɗauka. Shi ma yana da tasa gajiyar, wadda bai faɗa wa kowa ba.

Mutanen gari sun ɗauka ɗingishi kawai yake. Gaskiyar ita ce maciji ya sare shi a dajin Falgore, aka yanke ƙafar hagu daga saman gwiwa. A asibitin ƙashi na Kano aka yi masa ta katako da ƙarfe, mai maɗaurin fata. Ba ta lanƙwasuwa yadda zai durƙusa, takalminta kuma a kafe yake da ƙusoshi. Saboda haka a shago yake sallarsa, ƙofa a rufe.

Da magana ta yi nisa, mahaifin Lantana, Malam Jibril mai karantar da Alƙur'ani, ya ce yana son ganin yaron.

Sunusi ya tsaya a bakin zaure, ga takalma jere. Ya cire na dama. Ya dubi na hagu, ya dubi dattawa biyu da ke zaune da Malam, ya shiga haka nan. Ya sunkuya daga tsaye, ya miƙa hannu.

Malam bai karɓa ba. Idonsa na kan takalmin da ke bisa tabarmar da ake ɗora alluna.

"Samari, ko ka manta da wani abu a ƙafarka?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Haka nake."

"To. Ka gaida gida."

Da ya shiga gida, Malam ya kira 'yarsa. "Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. Amma wanda ya taka min tabarma da takalmi, ya gaishe ni a tsaye kamar ɗan doka, ba a kuma ganinsa a masallaci, ba zan ba shi ke ba. Ga Magaji direba nan ya daɗe yana zarya, tun daga waje yake durƙusawa. Ki yi tunani."

Washegari Gwaggo Tani ta ajiye wa Sunusi 'yar takarda a kan teburin gyara, duk maiƙon kifi.

"Injiniyana, Baba ya ce a'a. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga ɗaki. Ka same ni wurin kasko kafin mutane su taru. Taka, Lanti."

Ya same ta tana hura wuta. Ba ta ɗago ba.

"Ka je ka kwance ta a gabansa."

"In kwance me?"

"Ƙafar. Tun ranar farko nake jin kukan maɗaurinta in za ka zauna. Jira nake ka faɗa min da bakinka."

Sunusi ya dafa ginshiƙin rumfa. "Kin gaya wa Malam?"

"Ƙafarka ce, ba tawa ba."

"Ba zan iya ba, Lanti. Ba ki san yadda idon mutane ke komawa ba. A Doguwa ina zaune ina jiran mota, sanduna a gefe, wata tsohuwa ta miƙo min sadakar ƙosai. Ni da nake ci da kaina! Ranar na ce ba mai sake ganina haka. Gara a ce ba ni da kunya."

"An kuwa ce."

"A ce ɗin."

Ta ajiye mafici. "Na gaji, Sunusi." Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. "Na ɗauki kayan gidanmu a kaina ruwa na bin mu. Ba ni da sauran wuyan da zan ɗaukar maka wannan. Tun da kake kare mai ƙyallin nan na san ba shi kake karewa ba."

Laraba ta zo, Gwaggo Tani ce kaɗai a bakin kasko. Wani ya ce ya ga motar Magaji a ƙofar gidan Malam, an sauke buhun shinkafa. Sunusi ya tayar da inji, ya zauna. A wasan ranar aka ci galabar Ɗan Kwano mai ƙyalli. Ya faɗi, fuskar ta tsage, sai tarin waya. Rumfa ta fashe da dariya. Sunusi ya tuna ranar da aka kashe tsohon, yadda idon nan ɗaya ya lumshe a hankali, rumfa ta yi tsit, har wani dattijo ya ce, "Allah sarki." Ya rasa wanne ya fi so a yi masa, dariyar ko Allah sarkin. Abin da ya sani kawai, kujerar Lantana ba kowa.

Da la'asar ɗin Alhamis ya isa zauren. Dattawan na nan, har da Magaji a durƙushe. Sunusi ya zauna a dakali, ya naɗe wando, ya kwance maɗauri ɗaya bayan ɗaya. Ya jingine ƙafar cikin takalman mutane, ya shiga da hannuwa yana jan jiki, har gaban Malam.

Magaji ya kawar da kai, ya gyara masa wuri.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Malam.

"Tsoron a ji tausayina, Allah ya gafarta Malam."

"Kwantar da hankalinka, ba zan ji ba. Faɗa zan yi maka. Ka sa na yi wa Musulmi mummunan zato, ka kuma hana kanka jam'i. Wa ya ce maka mai salla a zaune ba shi da wuri a sahu?" Ya miƙo hannun da ya hana. "Ka turo magabatanka. Sauran magana ta yarinya ce, na kuwa san amsarta."

Bayan kaka aka sa ranar ɗaurin aure. Ana gobe, Lantana ta tsare shi a bakin rumfa.

"Injiniya, ban ji ka janye ba. Wanne ya fi?"

"Har yanzu mai ƙyallin ya fi kyau, Gimbiya."

"Ban ce kyau ba."

Ya yi murmushin gajiya. "Na da."

A masallacin Juma'a aka ɗaura, Malam Jibril ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kowa ya zama sutura ga ɗan'uwansa, jama'a suka shafa. Amma abin da mutanen Kwanar Dangora suka fi tunawa shi ne shigar ango. Gaban kowa ya zauna a bakin ƙofa cikin farar babbar riga, ya kwance ƙafarsa, ya tsayar da ita cikin takalma, ya dafa kafaɗar surukinsa suka shiga sahu.