Yankan Bakin Teku

"Innalillahi! Bushra, taho ki ga kilishina!"

Bushra ta yar da jakar goyonta a kan yashi ta ruga. Gwaggo Turai, yayar babanta, tana zaune gindin kwakwa da takardar kilishi buɗe a cinya. Ya yi laushi, fumfuna ta rufe shi fari fat. Damshin teku ya gama da shi.

"Wanga wane irin gari na? Ko iskassu jiƙaƙƙa ta!"

Bushra ta danne dariya da ƙyar.

Kwanansu shida ke nan a hanya. Su ashirin da biyu bas ɗin yawon buɗe ido ta kwasa, ta bi da su Legas, Badagiri, Kwatano, yau ga su a wani ƙauyen masunta kan hanyar Lome. Dokar tafiyar ɗaya ce, kowa jaka guda a baya. Gwaggo kuwa rabin tata kilishi ta danna, don ta rantse ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba, kifin teku kuma ƙarninsa kaɗai na tayar mata da zuciya. Ba don son teku ta baro Maradun ba. Baban Bushra ne ya ce ɗiyarsa ba ta barin Bakura sai da babba.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne saurayin nan mai ladabi da ke ɗaukar mata jaka kullum, Misbahu, shi ne wanda Baba ya kora wata uku da suka wuce. Laifinsa guda, ɗan rundawa ne, mahautan kasuwar Talata Mafara. Gwaggo ba ta taɓa ganinsa ba, ko sunansa ba ta tambaya ba lokacin da ta goyi bayan ƙanenta. Bushra ce ta shirya komai, ta ce ya shiga tafiyar, ya sace zuciyar tsohuwa, gaskiya ta biyo baya in an koma gida.

Kuma dabarar tana ci, har Gwaggo ta fara ce masa ɗana.

Kwana biyu suka ƙara a ƙauyen. Bushra ta jiƙa ƙafa a ruwa, ta tsinci ɓawon dodon-koɗi a bakin teku, ta kalli masunta na jan taru suna waƙa, daɗi kamar kada a koma. Gwaggo kuwa daga burodi sai ruwan zafi. Rana ta biyu da hantsi ta miƙe za ta yi alwala, jiri ya ɗebe ta, sai da Misbahu ya tare ta.

Nan Surajo ya ga ƙofa.

Surajo shi ne jagoran tafiyar, ɗan Mafara ne, ya san Misbahu tun suna firamare, kuma tun Legas yake yi wa Bushra shishigi tana basarwa. Bayan azahar sai ga shi janye da ɗan akuya, wuƙa a hannu, murmushi har kunne.

"Hajiya, yau kina cin nama! Matsalar guda ta, mu duka ba mu iya fiɗa ba. Amma an ce akwai gwani cikin motag ga..."

Ya juya ya zuba wa Misbahu ido.

Bushra ta gane tarkon. Ta yi wa Misbahu alama, suka zaga bayan wani kwalekwale.

"Don Allah masoyina, kak ka karɓi wuƙan nan."

"Tsohuwa na jin yunwa, Bushra."

"Saura kwana huɗu kacal! Ka ce ba ka iya ba..."

"In ce ban iya ba?" Ya yi ɗan murmushin da ba ta so. "Da wuƙan nan ubana yab biya man makaranta. Kwana takwas ina ɓoye shi kamar ɓarawo, don ina son ki. Amma ban iya tsayawa gaban mutane in ce ban san shi ba."

"In ta gane, shi ke nan mun rabu..."

"Na sani, 'yar gidana. Ki yahe man."

Ya wuce ya bar ta tsaye, hawaye na bin kumatunta. Haushinsa take ji, tana kuma jin ba ta taɓa son sa kamar yanzu ba.

Ya naɗe hannun riga, ya duba alƙibla, ya yi bisimilla. Yanka ɗaya. Kafin masunta su gama taruwa ya rataye ɗan akuyar a reshe, yana zare fatar kamar mai cire wa yaro riga, ko ƙwarzane babu. Ya ware haƙarƙari, ya fitar da hanta, ya hura gawayin ɓawon kwakwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan nama ran Talata ya san wannan ba hannun ɗan koyo ba ne.

Gwaggo ta tsaya a layin nan sama da shekara talatin.

Ta daɗe tana kallo, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Kai yaro. Ɗan wa na kai?"

Surajo ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai taya shi amsa. Bushra ce ta riga kowa. Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta gefen Misbahu ba, ta karɓi farantin naman daga hannunsa.

"Ɗan Malam Mamuda na, Gwaggo, na rundawan Mafara. Shi na wanda Baba yak kora." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni nac ce ya ɓoye. Laihina na, ba nashi ba. Kuma shi nika so, ba ni son kowa bayanai!"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe ke kika jin kunyatai," in ji Gwaggo a hankali. "Shi ban ga kunya ga hannunai ba."

Maganar ta soki Bushra, don gaskiya ce. Ta juya ta dubi Misbahu a gaban mutane ashirin.

"Ka yahe man..."

"Ya wuce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kai mata tun da zahi."

Ta durƙusa ta ajiye farantin. Gwaggo ta ɗauki hanta ta tauna, ta sake ɗauka, ta sake. Ba wanda ya yi motsi har ta suɗe yatsa. Surajo dai ya tuna yana da magana da direba, ya sulale.

"Miƙo man wayata," in ji Gwaggo.

Bushra ta miƙa mata. Gwaggo ta lalubo lambar ƙanenta, ta sa yadda kowa zai ji. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi ruwan Bakolori, Bushra kamar ta suma don jira.

"To Yaya, ya tahiya? Ina Bushra?"

"Ga ta nan lahiya lau. Abdulmumin, ni nag goye ka ko ba ni ba?"

"Ke ta, Yaya."

"To saurara da kyau. Yanzun ga nag gama cin yankan surukinka, kuma hannunai halal na. Mun kusa dawowa, ka sa rana."