Bugu Uku Kafin Lokaci

A birnin Iskandariyya, kusa da bakin teku, akwai wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo. A nan wata yarinya 'yar aji biyar take fitowa a wasa duk Juma'a da la'asar. Ita ce kyanwar masunci. Yarinyar ta iya wasa, wannan ba musu. Amma fa akwai rawar kai! Hannunta ba ya ganin abu ya ƙyale.

Babanta ma a gidan yake aiki. Shi ke gyara fitilu, kowa Usta Ramzi yake ce masa, wato Ramzi gwanin sana'a.

Gidan yana da doka guda mai ƙarfi. Ba a buɗe labule sai Malama Nahid, mai shirya wasan, ta buga sandarta sau uku a kan katakon dandamali. Kawu Subhi mai jan igiyar labule a wani lungu yake zama. Ba ya hango tsakiyar dandamali, da kunne yake aiki. Da ya ji bugu uku zai ja igiya, ba tambaya.

Malama Nahid takan ce, "Sandar nan ba abin wasa ba ce. Kada wanda ya taɓa mini ita."

Wata Juma'a zauren ya cika maƙil da yara da iyayensu. A bayan labule kuwa ba a gama shiri ba. Fitilar da ke cikin watan kwali da aka rataye a sama don wasan ta mutu. Baba ya kafa dogon tsani dab da labule, ya hau can ƙololuwa.

Ya leƙo ya ce, "'Yar Baba, in kin yi wasa da kyau yau, kushari za mu ci a hanya, shinkafar nan da taliya."

"Da albasa mai yawa!" in ji ta.

Malama Nahid ta jingine sandarta, ta tafi ɗinke wa wani yaro riga. Yarinyar ta tsaya tana kallon sandar. Sai ga ƙawarta Rawan.

Rawan ta ce, "Ke dai kullum cika baki. In kin isa, buga ta mu gani."

"An hana."

"Matsoraciya! Ai Kawu Subhi ya tafi shan shayi. Wa zai ji?"

Kalmar nan ta matsoraciya ita ta kwashe ta. Ba ta leƙa lungun Kawu Subhi ba. Ba ta ɗaga kai ta dubi tsani ba. Ta ja fuskar kyanwarta ta kwali ta rufe fuska, ta ɗauki sanda.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Ashe Kawu Subhi ya daɗe da dawowa.

Fitilun zaure suka mutu. Kiɗa ya tashi. Ƙaton jan labulen ya soma tafiya gefe, fuuu. Gefensa ya naɗe ƙafar tsani, ya fizge ta. Tsanin ya yi tangal-tangal, ya kife, rim!

Yarinyar ta ɗaga kai.

Ga Baba can sama, ya kama ƙarfen da ake rataye fitilu da hannu biyu. Ƙafafunsa suna lilo. Babu komai a ƙarƙashinsa sai busasshen katako, can nesa. Tsanin kuwa ya karye gida biyu.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne 'yan kallo. Tafi suke yi! Sun ɗauka wasan ne ya fara.

Wani yaro ya yi ihu, "Mama, ga mutumin wata!"

Zaure ya kece da dariya.

Yarinyar ta ruga gaban dandamali. "Ku taimaka! Zai faɗo!"

Amma wa zai yarda da kyanwa mai gashin baki da jela? Dariya ta ƙaru. Wata mata har da share hawaye tana cewa, "Kai, yarinyar nan ta iya!"

Takalmin Baba ɗaya ya sulluɓe, ya faɗo kusa da ita, tim. Ta dubi sama. Hannunsa na hagu ya saki. Saura ɗaya.

Ta fizge fuskar kyanwar ta yi jifa da ita. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta.

"Wallahi ba wasa ba ne! Babana ne! Babana zai mutu!"

Tafi ya tsaya cak. Kiɗa ya ɗauke. Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Sattar! Allah Ka tsare!"

Malama Nahid ta fito a guje, allura a hannu. Kallo ɗaya ta yi wa sama, ta daka tsawa: "Ku kawo teku! Maza!"

Tekun nan wani shuɗin yadi ne mai faɗi da kauri, kamar tamfol. Shi yara suke kaɗawa a wasa don ya yi igiyar ruwa. Yarinyar ta ja bakinsa da dukkan ƙarfinta. Maza daga cikin 'yan kallo suka yi tsalle suka hau dandamali. Kowa ya kama gefe, suka ja shi ya miƙe tsam.

Malama Nahid ta ce, "Saki, Usta Ramzi! Muna nan!"

Yarinyar ta runtse ido. Ta ji wani bum, yadin ya fizgi hannunta har ta durƙusa. Ta kasa buɗe ido.

Can sai ta ji muryar da ta sani.

"Alhamdulillahi. Wa ya ga takalmina?"

Ta faɗa jikinsa tana kuka. Kafaɗarsa ta gurɗe, tafin hannunsa ya saɓule, amma yana raye.

Aka rufe labule. Malama Nahid ta juya kan Kawu Subhi, idonta ja wur.

"Wa ya ce ka buɗe?"

Tsohon ya ce, "Bugu uku na ji, Malama. Da kunnena na ji."

Rawan ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta ga hawaye a idon Kawu Subhi, ta ji ba za ta iya yin shiru ba.

"Ni ce, Malama. Ni na buga. Kawu Subhi ba shi da laifi."

"Ni kuma na zuga ta," in ji Rawan da ƙaramar murya.

Malama Nahid ta dube su. Sannan ta ce, "Kun faɗi gaskiya, na ji daɗin wannan. Amma ba za ku hau dandamali ba sai na ga hankali ya shige ku."

Aka ci gaba da wasan ranar, amma wata yarinya aka ba fuskar kyanwa. 'Yar Baba kuwa tana gefe tana ji ana yi wa wata tafi. Abin ya yi mata ciwo.

A hanyar gida ta ce, "Baba, ka yafe mini. Na ɗauka bugu uku ba komai ba ne."

Baba ya ce, "Na yafe, 'yar Baba. Amma ki riƙe wannan. In manya suka kafa doka a wurin aiki, ran wani suke tsarewa, ko da ke ba ki gan shi ba. Kuma kada ki bari a zuga ki ki yi abin da kika san an hana."

"Kushari fa, ya tashi ke nan?"

"Wa ya ce? Mutumin da ya faɗa teku ai yunwa yake ji."

Daga ranar, duk sanda Baba zai hau sabon tsani, ita ke riƙe masa ƙafarsa. Ba ta saki sai ya sauko.

Bayan 'yan makonni aka mayar mata da fuskar kyanwa. Ana shirin farawa sai Malama Nahid ta miƙa mata sanda.

"Yau na ba ki izini. Me za ki fara yi?"

Yarinyar ta leƙa lungun Kawu Subhi. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ɗaga kai sama, ba kowa. Sai ta hango Baba a gefe, ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana ɗaga mata hannu.

Sannan ta buga sau uku, labule ya buɗe.