Sandar da Ta Rage a Kejin

Rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki, sa'ad da mai walda ya janye tamfol daga kan motar ɗansa. Mota ce marar rufi, ta tsere. Yaron ne ya roƙe shi ya haɗa mata kejin ƙarfe, bututu masu kauri da ke kewaye direba, don ko ta kife kansa ya tsira. Saura sanda ɗaya, wadda ke gittawa bisa kai, yaro ya kasa haƙuri ya fita gwaji. Motar an jawo ta gida da igiya. Shi kuwa daga asibiti sai makabarta.

Tun daga nan take ajiye a tsakar gida, ba mai iya kallonta.

"Baban yara, magariba ce fa," in ji matarsa. "Wa kuma za ka kare yanzu?"

Ko bisimilla bai yi ba, wayyo, mutumin da ko ƙusa ba ya bugawa sai ya yi. Ya ɗora sandar, ya kunna wuta, tartsatsi ya watsu a kan kujerun, ya liƙe ta gam.

Washegari da almuru duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Suka leƙa, ba kowa. Sai Auta, 'yarsu da ta rage, ta ajiye tsintsiya, ta taka har gaban motar, ta juyo da murya mai kauri wadda duk gidan suka sani.

"Tsoho, ka gama mini?"

Uwar ta zube a ƙasa. Ba mai kiransa Tsoho sai marigayin.

Kullum haka, da zarar rana ta faɗi. Auta ta daina ci, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Shi kuwa uban, Allah ya yafe masa, tun la'asar yake jawo kujera ya zauna yana jiran muryar. Uwar ce ta gaji ta ɗauko malami.

Malamin ya zauna, ya yi ta karatu har yarinyar ta fara karkarwa.

"Kai wane ne?"

"Ɗan gidan nan ne."

"Ƙarya kake. Wanda ya tafi ba ya dawowa."

Can muryar ta sauya, ta koma ta wani tsoho mai shaƙewa. "A motar nake zaune tun tana yawo, shi ya sa na san maganarsa. Wannan ya zuba mini wuta ba sallama, ya rufe gidana da ƙarfe. Ina zan kwana in ba a jikin 'yarsa ba?"

"In an buɗe za ka tafi?"

"Zan tafi. Amma mai walda, ka yi tunani. Ka bar ni, kullum in kira ka da muryarsa. In na tafi, kai da jinta har abada."

Malamin ya juya ya kalli uban. Mai walda ya dubi motar, ya dubi hannun Auta da awarwaro ke zamewa a kai. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauko zarto, ya yi bisimilla, ya fara yanka aikin hannunsa, hawaye na ɗiga a kan ƙarfen.

Saura kaɗan ta rabu, muryar ɗansa ta dawo, da dariyarta da komai.

"Tsoho, ba dai da gaske kake ba?"

Hannunsa ya tsaya. Uwar ta kama bakinta. Ya runtse ido, ya ƙarasa yankan.

Sandar ta faɗi. Iska ta kaɗa tamfol ta wuce ta kan katanga. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta yi magana da 'yar siririyar muryarta.

"Baba, yunwa nake ji."

Uwar ta ruga ɗakin girki tana kuka. Shi kuwa ya mayar da tamfol kan motar. Washegari da la'asar ya jawo kujerarsa kamar kullum, sai da ya zauna ya tuna.