Riƙe Min Babur, Inna

Mai ɗinkin da ke jikin katangarmu ce ta fara gaya min, a satin da muka tare a gidan nan. Ta ce wanda ya zauna kafinmu gwauro ne, ba mata ba ɗa, sai babur. Wata rana ya ɗora babur ɗin a kan bulo biyu ya kwanta yana gyara, bulo ya fashe. Sai da aka kwana uku aka san ya mutu. Ta ce tun lokacin wani abu ya tare a garejin. Na ce mata ta ji da kekenta, ni na girmi tsoro.

Shekara shida ban ga komai ba. Maigida ya rasu, 'yan mata suka yi aure. Saura Auta, shi ma aiki ya kai shi nesa, sai ƙarshen wata yake leƙo ni. Amma kullum gab da magariba zai kira ni a waya. In ban da shi, wayar nan ba ta kuka.

Zuwansa na ƙarshe ya cire tayar baya ta babur ɗinsa, ya ɗora cikin injin a kan bulo biyu da guntun katako. Na ce, "Kai Auta, wannan abin ko kyanwa ta goge shi zai faɗi."

Ya yi dariya. "Inna, kin zama bakanike ke nan?"

Kafin ya gama aka kira shi wurin aiki. Ya tafi ya bar shi haka.

Kwana tara bayan nan, da yamma liƙis, na fita kwashe shanya. Unguwa shiru. Sai na ji ƙarar sufana a kan siminti, ƙil, daga gareji. Ƙofar a buɗe kaɗan. Warin baƙin mai ya bugo ni, sabo, kamar yanzu aka zuba.

"Inna."

Muryar Auta ce. Wallahi har da 'yar shaƙewar nan tasa.

"Inna, zo ki riƙe min babur."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Rabon da wani ya nemi in yi masa wani abu har na manta. Na zubar da kayan a ƙasa na shiga.

Ciki da duhu-duhu. Ƙafafu biyu na hango sun miƙo daga ƙarƙashin babur, cikin wando mai maiƙo. Na kama hannun babur da hannuna ɗaya, da ɗayan na dafe kujerar.

Na ce, "Ɗan nema, ka dawo ba ko sallama?"

"Riƙe dai."

Na riƙe. Ƙarfen sanyi ƙalau. Sai na ji wani sauti, ƙas, ƙas. Bulo yana tsagewa. Nauyin gaba ɗaya ya dawo hannuna.

"Auta, fito! Fito, zai faɗi!"

"Saura kaɗan."

In na saki, ƙirjin ɗana zai danne. Na sa kafaɗa. Na ji ƙashin bayana yana ƙara.

Sai wayata ta yi kuka a aljihun rigata.

Gab da magariba.

Mutum ɗaya ne ke kirana.

Na sunkuyar da kai na dubi ƙafafun nan. Ba su motsa ba tun shigowata. Ko sau ɗaya. Ƙura ta kwanta a kansu, har da yanar gizo tsakanin yatsu.

Muryar ta yi ƙasa, ta daina zama ta Auta.

"Kar ki ɗauka. Ke ma ba kowa a gidan. Zauna da ni."

Babur ya fara karkatowa. Wajena.

Na fara addu'a, da ƙyar ta fito. Na runtse ido. Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba, don rabin zuciyata tana cewa ɗana ne.

Na saki. Na faɗa baya.

Babur ya zube, ya kama bakin zanena, ya kwashe min fatar ƙauri. Na ja jiki da gwiwar hannu har ƙofa, sannan na waiwaya.

Ba kowa a ƙasa. Sufana kawai, tana juyawa a kan siminti.

Wayar ta sake kuka. Na ɗauka.

"Inna, ina kika shiga? Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Ban gaya masa komai ba, na dai ce ya yi ta magana. Ya yi ta yi har cajinsa ya ƙare.

Da gari ya waye na ɗaure ƙafata, na ɗingisa wajen mai walda na bakin titi. Ya haɗa mazauni na ƙarfe mai faɗin ƙafa, shi da abokin aikinsa suka ɗora babur a kai, suka ɗaure shi da igiya hagu da dama a jikin ƙarfen rufi. Na girgiza shi da hannuna, ko gezau.

Da suka tafi na tsaya a bakin ƙofa, na ce da ƙarfi, "To, bawan Allah, ga shi nan ya tsaya da kansa. Ba sai ka kira kowa ba."

Na sa kwaɗo. Na ɗauki kujerata na tafi gidan mai ɗinki, na ce ta matsa min, yau a nan zan wuni.